Minsharin Yaya Habu da Zarton Jidda

Dukan farko da aka yi wa Yaya Habu saboda minsharinsa a bayan wata babbar mota ne, tsakanin Injamena da Abeshe, da rana tsaka. Mun fi mu talatin a kan buhunan hatsi, kowa ya naɗe ƙafa, rana tana gasa mu. Yaya ya jingina da ƙarfen mota, ko minti biyu bai yi ba ya fara. Wanda bai taɓa jin minsharin Yaya Habu ba, ba zan iya kwatanta masa ba. A Zoza, garinmu a ƙasar Rogo, Injin Niƙa ake ce masa. In ya kishingiɗa a zaure da azahar, mata sukan leƙo ta katanga su ce a kawo tsaba, an tayar da inji.

A motar nan babu mai wannan raha. Wani dogon mutum mai rawani da ke zaune kusa da shi ya daure, ya daure, ya gaji. Ya cire takalminsa na taya ya shimfiɗa wa Yaya a baki, leɓe ya fashe. Ni kuwa tun ina yaro an san ni da zuciya, ban san lokacin da na haye mutumin ba. Na cije shi a kunne. 'Yan'uwansa biyu suka rufe ni da duka, ɗaya ya buga min ƙotar wuƙa a gira, har yau gashi bai sake fitowa a wurin ba. Da aka raba mu Yaya yana tofar da jini yana ba su haƙuri da Hausa, su ba sa ji. Kafin jinin ya tsaya barci ya sake sace shi.

Barcin nan ne ya raba mu da gida a 1996. Yaya ɗan dako ne a kasuwar Rogo, ƙato, ni kuma ina ɗinke bakin buhunan gyaɗa da basilla. Sai ya fara gyangyaɗi a tsaye. Ranar da ya yi barci da buhu a ka ya faɗa kan kayan wata mai sayar da mai, 'yan kasuwa suka daina kiransa. Aka ce mana a Jidda akwai aikin gadi, aikin zaune. Ka ji wauta irin tamu, mai barci a tsaye za mu kai gadi.

Hajara matarsa ce kaɗai ta san gaskiyar abin. Ana gobe za mu tafi ta tare ni a bakin rumbu. Tsakanina da ita kullum tsokana ce, ta ƙanin miji da matar wa, amma ran nan ba ta yi dariya ba.

"Sabi'u, kowa minsharin yayanka yake ji. Ba minsharin ne abin tsoro ba, shirun ne. In ya yi shiru, numfashin ne ya tsaya. Ka ƙirga zuwa goma, in bai ja ba ka zungure shi. Shekara shida ina yi, yanzu na damƙa maka."

Na ce, "To, matar Yaya," a raina ina cewa ta cika tsoro.

A Abeshe na san ba tsoro ba ne. Muna kwance a inuwar tasha, minshari yana tafiya, sai ɗif. Na juya na dube shi. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, amma babu iskar da ke shiga, leɓensa ya fara baƙi. Na ƙirga goma na zungure shi da gwiwar hannu, bai motsa ba. Na mare shi, bai motsa ba, gajiyar hanya ta yi masa yawa. Na zaro basillata daga ƙugun wando na tsira masa a cinya. Ya zabura ya ja iska da wata irin ƙara, ya dube ni, ya dubi jinin da ke tsattsafowa ta wando, ya ce, "Na yi shirun?" Na ce ya yi. Daga ranar basilla ta zama aikina.

Shekara guda da wani abu muka yi kafin mu ga teku. Mu yi lebura a nan, mu ƙara gaba. A Jinaina an kore mu daga masauki sau biyu. A Hartum wani ya watsa wa Yaya ruwan zafi na shayi a wuya. Ni ban taɓa yin barcin kirki ba, kunne ɗaya kullum yana wurinsa, har na rame na zama kamar kara. Akwai ranakun da na tsane shi, ba zan ɓoye ba. In dube shi yana sharar barcinsa in ce wannan ƙaton ya cuce ni. Sai kuma ya yi shiru, in manta da tsanar in fara ƙirga.

A Sawakin, bakin teku, muka haɗu da wata tsohuwa mai sayar da abinci. Ta ji muna Hausa ta tambaye mu gari, muka ce Rogo. Ta dafe ƙirji ta ce iyayenta mutanen Karaye ne, a hanyar hajji aka haife ta, ba ta taɓa ganin garin ba. Ta ba mu wuri kusa da garken awakinta. Da maƙwabta suka kawo ƙarar minshari ta ce, "Ku bar shi ya yi, ai tun da ya zo ɓarawo bai leƙo unguwar nan ba." Ita ta riƙa shafa masa man riɗi a cinyoyin da na huhhuda. Ranar da ta yi mana miyar kuka da daddawa, na kai loma ɗaya baki, na tashi na koma bayan garke na yi kuka.

Jirgin da ya tsallakar da mu na tumaki ne. Mu goma sha biyu aka zuba a ramin ƙasan jirgin, tumaki a samanmu, fitsarinsu yana ɗigo mana ta tsakanin katako. Rana ta biyu da hantsi aka kashe inji. Mai jirgin ya leƙo ya ɗora yatsa a baki, sannan ya ja yatsan a wuyansa. 'Yan sintirin ruwa ne suke wucewa. Ga zafi, ga zama, babu iska, wato duk abin da ke kawo wa Yaya barci. Na ga idonsa yana juyewa. Ya ja minshari guda ɗaya, ramin ya amsa.

Wani ma'aikacin jirgin ya diro, ya kifa masa buhu a fuska ya hau ya zauna. Mutumin da numfashinsa ke tsayawa ba a taɓa shi ba! Na riƙe ƙafar ma'aikacin ina roƙonsa da ido, na nuna masa basilla, na soka wa Yaya a gabansa. Ya ɗaga buhun. Daga nan ban zare basillar ba. Da na ga ido ya fara lumshewa sai in murɗa. Fiye da awa guda muna haka. Yaya ya cije hannun rigarsa, hawaye yana zuba, yana kallona, ko uhum bai ce ba. Da inji ya tashi ma'aikacin ya ƙara min da ƙafa a haƙarƙari ya haye sama. Yaya ya tofar da rigar ya ce, "Sannu, Sabi'u. Hannunka bai gaji ba?"

A Jidda babu gadi babu dalilinsa. Wanda ya karɓe mu wani Tsalha ne, mutumin Kurugu, ya daɗe a can, yana da Larabcin kasuwa da baki kamar reza. Kwana ɗaya muka yi a ɗakinsa ya ce ko mu nemi wuri ko ya haukace. Ya kai mu wani wurin kafintoci a bayan gari, na wani mutumin Yaman, inda ma'aikata suke kwana a rumfa. Mai wurin ya dubi ƙirar Yaya ya tambayi Tsalha wane aiki ya iya. Tsalha, don tsokana, ya haɗa Larabci da Hausa ya ce, "Haza? Minshari bas!" Wato wannan babu abin da ya iya sai minshari.

Idon mai wurin ya yi haske. "Minshar?" Ya dafa kafaɗar Yaya yana murna. Tsalha ya yi turus, sannan ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce mana, "Kun yi goshi, ya ce ku fara gobe."

Washegari aka tsayar da Yaya a gaban injin yanka katako, mai faifan zarto da ya kai faɗin faifan tankaɗe. Ni aka ba ni jera katako a tsakar gida. Yaya ya ɗauka don ƙarfinsa aka zaɓe shi. Rana ta biyu wani Ba'indiye da muke jera katako tare yana koya min sunayen kaya, ya nuna zarton ya ce, "Minshar." Na ce me? Ya sake faɗa. Na ajiye katakon da ke hannuna. Ashe a Larabci minshar zarto ne. Mai wurin ya ɗauka gwanin zarto aka kawo masa.

Na je na sami Tsalha. Ya ce, "Kai, rufe bakinka. In ka tona a titi za ku kwana, ga 'yan kame suna yawo. Tura katako ne kawai, ko mace ta iya."

Na rufe bakina. Amma ba don maganar Tsalha kaɗai ba. Da na je wurin mai wurin na ce a musanya mu, ni a inji Yaya a tsakar gida, da ya yarda, don shi aiki yake so. Tsoron zarton nake yi. Ko wucewa zan yi ta kusa da shi sai na raɓe bango. Na bar mai barci a tsaye a gabansa, na gaya wa kaina ai ƙarar ba za ta bar shi ya runtsa ba.

Sati bakwai Allah yana rufa asiri. Ranar wata Talata bayan an ci abincin rana ina tsakar gida, sai na ji kukan zarton ya canza, ya yi laushi, sannan ihu. Na tarar da Yaya a durƙushe ya matse hannun dama a ciki, garin katako ya zama ja har bango. Yatsu uku suna kan tebur, inji yana ta juyawa abinsa. Tsalha ya zo kawo wani sabon ma'aikaci, yana tsaye a ƙofa baki buɗe. Na ɗauki guntun katako na yi kansa. Na zubar masa da haƙoran gaba, na karya masa ƙashin kafaɗa, sai da mutum huɗu suka danne ni. An ce baki shi ke yanka wuya, na Tsalha yatsu ya yanka. Amma duk dukan da na sauke masa, na san rabinsa nawa ne.

Mai wurin yana tsoron hukuma, don ba mu da takarda, sai ya kai mu wani ƙaramin asibitin kuɗi. Likitan Basudane ne, amma da ya ji ina salati ina kiran Yaya sai ya ce, "Sannu, sannu," da wata Hausa mai nauyi. Kakansa Bakano ne. Ya ɗinke hannun, babban yatsa da manuni suka rage. Bayan an gama Yaya yana kwance, minshari ya tashi, sai ɗif. Na ƙirga goma na zaro basilla. Likita ya cafke min wuyan hannu ya daka min tsawa. Ya ture kan Yaya gefe, ya ja haɓarsa sama, iska ta shiga. Sannan ya sa aka ɗaga wandon, ya ga cinyoyin, ya juyo wurina.

"Tun yaushe?"

Na gaya masa komai, tun daga bakin rumbu. Ya ce wannan ciwo ne, yana da suna. In Yaya ya yi barci maƙogwaronsa ne yake haɗewa kamar bakin buhun da babu komai a ciki. Shi ya sa bai taɓa ƙoshi da barci ba, kuma in aka bar shi haka wata rana zuciyar za ta gaji. Ya ce akwai inji da ake ɗaura wa mutum a hanci, yana hura iska a hankali yana riƙe hanyar a buɗe. Sannan ya ja mai wurin cikin ofis ya rufe ƙofa. Ban ji me aka ce ba, na dai ji muryar likita a sama. Da suka fito mai wurin yana share gumi, ya yarda zai saya wa Yaya inji ya kuma sa mu a jirgi mu koma.

Kwana goma bayan haka likitan da kansa ya raka mu wani kanti da ake sayar da kayan asibiti na hannu. Mai kantin ya ji tafiya za mu yi, ya jera mana inji biyu. Na farko ɗan ƙarami ne fari, bai fi rediyo ba, da jakarsa ta ratayawa. Ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya baza hannuwa yana kwaikwayon jirgin sama, wai na matafiya ne. Na biyun yana da kofin ruwa a gefe don kada hanci ya bushe, amma ina ganinsa na san ba zai kai Hartum bai fashe ba. Na rungumi ƙaramin. Ina tunanin gudu, ina tunanin hawa mota da sauka, wannan ko a cikin riga na ɓoye shi. Likita ma ya gyaɗa kai.

Yaya yana zaune a kujera, hannu a rataye a wuya. Ya ce, "Likita, tambaye shi me yake ci."

"Wuta."

"Wutar bango?"

"Ita."

Ya juyo wurina. "To Sabi'u, a Zoza wane bango za ka soka shi? Na ɗakin Hajara ko na rumbu?"

Likita ya fara dariya, sai ya tsaya. "Babu wuta a garinku?"

"Akwai, ta murhu."

Kunya ta kama ni. Shekara biyu kacal da barin gida har na manta da fitilar ƙwai. Matafiyin da mai kanti yake nufi mai sauka a otal ne, tafiyarsu daban tamu daban. Likita ya yi masa bayani, mai kantin ya taɓe baki, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wani abu yana nishi. Tsohon inji ne ruwan toka, gefensa ya lotsa, nauyinsa kamar dutsen niƙa. Wai na wani dattijo ne da yake tafiya da shi daji wurin raƙumansa. Yana da wayoyi biyu, ja da baƙa, kowace da baki mai haƙora da ake maƙala wa batirin mota.

Na ce wannan ai kashe ni zai yi, ni ne fa zan ɗauka har Najeriya. Yaya ya ce, "Na ɗauki buhu shekara ashirin na ciyar da kai. Ɗauki wannan."

Aka gwada masa abin rufe hanci har uku kafin a sami wanda ya zauna. Ya dubi kansa a gilashin kanta da tiyo yana reto a fuska ya ce an sa masa takunkumi kamar jakin da ya saba cin dawa. Likita ya faɗa wa mai kanti ƙarfin iskar da zai saita, ya nuna min ja a kan ja, baƙa a kan baƙa, da ɗan soson da zan riƙa wankewa. Ya ce in ya yi barci da shi ba zan ji minshari ba, kada in tsorata. Na ce to. Daga kantin, mai wurin kafintocin bai ko biya da mu rumfa ba, ya miƙe da mu bakin ruwa.

A jirgin komawa babu batir. Daga Sawakin muka hau babbar mota mai zuwa yamma, direban ya rantse babu mai taɓa masa batir da kayan aljanu. Na roƙe shi har na gaji. Kwana da kwanaki ina zaune da kwalin inji a cinya, ƙafafuna sun mutu, hannu ɗaya a kan basilla, ina ci gaba da huda ɗan'uwana ga magani a kan ƙafata.

A wani daji tsakanin Sudan da Chadi, wajen la'asar, wasu masu bindiga suka tare mu. Su bakwai ne a buɗaɗɗiyar mota, har yau ban san ko su wane ne ba. Suka jera mu a rana. Suka kwashe agogo da rediyo da bargo. Wani ɗan kasuwa ya ɓoye agogonsa a baki, suka fasa bakin da gindin bindiga, suka harbe shi a ƙafa don na baya su gani. Sannan suka farke kwalina. Ga tiyo, ga takunkumi, ga wayoyi. Babbansu ya ɗauka na'urar aika saƙo ce, ya sa aka durƙusar da ni. Biyu suka yi ta ƙwallo da ni har na ji haƙarƙarin da aka taɓa a jirgi ya ƙarasa.

Ya nuna injin ya tambaye ni mene ne. Kalmar ta zo har kan harshena, minshari, na haɗiye ta. In na faɗa zarto zai ji, kuma babu zarto a kwalin, sai ya ce ƙarya nake yi. Sunan da likita ya faɗa kuwa ya gudu daga kaina. Sai na kwantar da kai a kan tafin hannu na fara kwaikwayon minshari, a durƙushe, jini a baki. Aka ƙara min mari.

Yaya ya ce, "Nuna musu batir, a gwada."

Na nuna motar, na nuna wayoyin, na nuna Yaya. Babban ya ɗora wa direba bindiga a ƙeya ya sa ya buɗe wurin batir. Na maƙala ja a kan ja, baƙa a kan baƙa. Injin ya ce fuuu. Yaya ya kwanta a inuwar mota ya ɗaura takunkumi. Yaya ne fa, ko a bakin kabari aka shimfiɗe shi sai ya runtsa. Bindigogi bakwai a kansa, barci ya ɗauke shi.

Ni kuma aka kifa ni a ƙasa, wani ya ɗora min takalmi a wuya, sauran suka ci gaba da loda kayan mutane. Na kasa kunne. Babu minshari. Na ƙirga goma. Na ƙirga ashirin. Maganar likita tana kaina, amma shekara biyu jikina bai san komai ba sai cewa shiru mutuwa ne. Na ƙirga ɗari, na ɓata ƙirgan, na fara ihu ina kiran sunansa, mai takalmin yana ƙara dannawa har na ci ƙasa. An daɗe, kamar a dafa shayi a sha zagaye biyu. A raina na riga na binne shi, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Hajara.

Da takalmin ya ɗaga na zabura. Wani ya yi harbi, ƙasa ta tashi a gabana, ban tsaya ba. Na faɗa kan Yaya na zaro basilla daga ƙugun wando na luma masa ita har rabi.

Ya miƙe zumbur ya fizge takunkumin. Da hannun hagu ya kwaɗa min wani mari da ya kai ni ƙarƙashin taya, haƙorina ɗaya ya fita. Duk hudar da na yi masa daga Abeshe zuwa ranar bai taɓa ɗaga min hannu ba.

"Inna nake gani!" in ji shi. "Wallahi Inna ce, tana tankaɗe a tsakar gida, tana shirin juyowa. Shekara nawa ban yi mafarki ba, Sabi'u, ka katse min!"

Innarmu ta rasu tun kafin ya yi aure. Ya zauna a ƙasa da basilla a cinya yana kuka kamar yaro, ni ma ina yi. Masu bindiga suka yi ta dariya suna nuna mu. Ɗaya ya ɗaga injin ya jinjina, ya dubi inda ya lotsa, ya dire shi ya tofar da yawu. Da ɗan farin nan ne da ya bi rediyoyin mutane. Suka tafi suka bar mana shi. Daga ranar direba da kansa yake buɗe mana batir in an tsaya.

Mun shiga Zoza bayan an cire gyaɗa a 1998. A Rogo muka sami tsohon batirin babbar mota, na ɗaure shi a bayan keke. Washegarin isowarmu da sassafe Hajara ta same ni a bakin rumbun nan dai, idonta jajur.

"Sabi'u, me ka yi wa yayanka? Ban runtsa ba. Shiru har asuba, hannuna a kan ƙirjinsa na kwana."

Na ce yanzu iskar za ta riƙa sauraro, in tana fuuu lafiya lau ne. Na ciro basillar na miƙa mata. Ta juya ta a hannu.

"Na ga cinyoyin. Cewa na yi ka zungure shi, ban ce ka ɗinke shi ba."

Na yi dariya da giɓina, ita ba ta yi ba.

"Numfashin ka dawo min da shi. Yatsun fa? Ya ce tsautsayi ne."

Da na ce tsautsayi ne da an wuce wurin, don Tsalha yana Jidda, babu wanda ya sani sai ni. Amma na gaya mata. Kalmar, da Ba'indiyen, da yadda nake raɓe bango in zan wuce zarto. Na ce tun rana ta biyu na sani, tsoro ya hana ni magana.

Ta yi shiru. Daga ɗaki ana jin injin, Yaya bai tashi ba tukuna. Ban san lokacin da na fara ƙirgawa a raina ba. Ɗaya, biyu, uku. Ba ta dube ni ba, basillar take kallo. Bakwai, takwas. Ina kaiwa goma ta soke basillar a jikin zanan rumbu ta ce, "Batirin nan kwana nawa yake yi?"

Na ce uku, in an yi sa'a huɗu.

"To kai za ka riƙa kai shi caji Rogo. Kada ka bari in tuna maka."

Shekara goma sha tara na yi ina kai shi, da keke, daga baya da babur, ruwa ko rana. Ba ta taɓa tuna min ba.